AN ƘIDAYA KIFI, WA ZAI KULA DA MASU KAMA SHI?

Jama'a, yau za mu kai ku nesa, can tsakanin Amurka da Kanada, inda akwai wani babban tafki mai suna Erie, tsawonsa mil 241. Cikin Mayu da Yuni, watau farkon lokacin zafinsu, dubban ƙananan jirage ke fita kansa neman wani kifi da suke kira wolai. Kifi ne mai farin nama, mai idanu masu ƙyalli da ke gani cikin duhu, shi ya sa ya fi cin ƙugiya da asuba da almuru. In ya gama zuba ƙwai a kogin Maumee da na Sandusky da kan duwatsun yammacin tafkin, sai manyansa su nufi gabas neman ruwa mai zurfi mai sanyi. Masu jirage kuwa su bi su, kullum suna ƙara nisa da gaɓa.

Lalle hukumomin can sun yi wa kifin nan gata. A 1970 an tarar da gubar zaiba ta masana'antu cikin namansa, aka dakatar da kamunsa, har ya samu ya farfaɗo. Yanzu kowace shekara wakilan jihohi huɗu na Amurka da na lardin Ontario su kan zauna su yanke yawan wanda za a kama. A jihar Ohayo ba a yarda a kama shi don sayarwa ba, mai fatsa kuwa an yanka masa shida a rana, kuma wanda bai kai inci 15 ba a mai da shi ruwa. 'Yan kasuwa za su so jin wannan: a 2022, wajen wata gasar kamun kifi a Cleveland, an farke cikin kifin wasu mutum biyu aka sami curin dalma da suka cusa don ya yi nauyi a sikeli. Aka kai su gaban alƙali, suka sha ɗaurin kwana goma, aka kuma karɓe jirginsu. Ashe algus ba a kasuwarmu kaɗai yake ba!

Madalla da wannan duka. Amma fa ina dokar da ke tsare ran shi mai kamun? Dokar ƙasar ta ce kowane jirgi ya ɗauki rigar kariya, wadda ke hana nutsewa, daidai yawan mutanen da ke ciki. Ba ta ce baligi ya sa ba. A Ohayo yaran da ba su kai shekara goma ba ne ake tilasta wa sawa, su ma in jirgin bai kai ƙafa 18 ba. Sai rigar ta zauna ƙarƙashin benci, ko a mai da ita matashi. Rundunar tsaron gaɓar ruwa ta Amurka ta kan fitar da lissafi kowace shekara, kuma maganar ɗaya ce: cikin waɗanda ruwa ya ci daga jirage, fiye da takwas cikin goma ba sa sanye da rigar, mafi yawansu kuma daga ƙananan jirage suka faɗa.

Ga shi kuwa tafkin nan mayaudari ne. Cikin manyan tafkuna biyar na yankin shi ne mafi ƙarancin zurfi, yammacinsa a tsakaice bai kai ƙafa 30 ba. Ruwa marar zurfi ba ya jinkirin fushi. Iska na tasowa, kafin mutum ya naɗe zarensa raƙuman ruwa sun miƙe tsaye, suna bin juna kurkusa, ƙaramin jirgi bai gama sauka daga ɗaya ba wani ya doke shi. A 1844 iska ta tura ruwan tafkin ya haura ganuwar birnin Buffalo, mutum 78 suka halaka. Ran 4 ga Yuli 1969 guguwa ta faɗa wa jiragen da suka fito kallon wasan wuta na bikin 'yancin kai, aka yi hasarar rayuka da jirage. Sa'an nan ga sanyi. A farkon zafi rana ta kan yi daɗi, mutum ya tuɓe riga, alhali ruwan bai gama hucewa daga ƙanƙarar hunturu ba. Wanda ya faɗa, numfashi ya kan sarƙe masa nan take, cikin 'yan mintoci hannuwa su mutu. Yaushe zai lalubo riga, balle ya ɗaura?

To, wa abin ke ci? Ba attajiri mai katafaren jirgi da rumfa da rediyo ba. Lebura ne da ɗan jirginsa na ƙafa 16, wanda ran hutunsa ɗaya ce a mako, ya riga ya sayi mai, ba ya son komawa gida hannu biyu ko da ya ga hadari ya haɗo.

Wasu na cewa tilasta wa baligi sa riga shiga 'yancinsa ne. Mu ba mu yarda ba. Ma'aikacin da ke da iznin buɗe akwatin mutum ya auna kifi da inci, me zai hana shi duban ƙirjinsa? Ai tun 2021 aka tilasta wa direbobin ƙananan jirage maƙala igiyar da ke kashe inji in sun faɗa ruwa, ba kuwa wanda 'yancinsa ya salwanta.

Kada wani ya ce maganar Turawa ce. A Yunin 2023, a kogin Neja wajen Patigi, fiye da mutum 100 suka nutse kan hanyar dawowa daga biki. Wasu tasoshin jirage a Amurka suna da wurin da ake rataye riguna, kowa ya ara kyauta ya mayar in ya dawo. Wannan muke nema Gwamnati ta kafa a kowane mashigi da 'yan kasuwarmu ke haye ruwa ran kasuwa, da kuɗin hukuma, ba da ƙarin kuɗin fito a kan talaka ba, a kuma sa ma'aikaci a bakin ruwa wanda zai hana jirgi tashi sai kowa ya ɗaura tasa.