Littattafan Gwanjo na Kimiyyar Halittu: Taskar Sunayen Hausa da Aka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

A idon mafi yawan manazarta Hausa, tara tsofaffin littattafan tsirrai da tsuntsaye sha'awa ce ta Turawa masu kuɗin ɓatarwa, ko kuwa aikin malaman kimiyya ne da ba ruwan sashen harshe da shi. Wannan fahimta tana bukatar gyara, domin wani kaso mai tsoka na kalmomin Hausa na daji da gona yana kwance ne a cikin waɗannan littattafai, kuma galibinsu sun daɗe da ɓacewa daga kantunan sababbin littattafai.

Misali mafi kusa shi ne na J. M. Dalziel, likita ɗan ƙasar Sikotilan wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon mulkin mallaka. A 1916 ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen tsirrai na Hausa tare da na kimiyya da amfanin da jama'a ke yi da su, shekara 18 kafin fitowar ƙamusun Bargery na 1934. A 1937 kuma ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda H. M. Burkill ya faɗaɗa daga baya, kundi na farko ya fito a 1985. A ɓangaren tsuntsaye akwai kundi takwas na D. A. Bannerman da suka fito tsakanin 1930 da 1951. Da harshen Hausa kansa akwai Ikon Allah na R. M. East da Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1949, ya kuma nuna yadda Hausa ke iya ɗaukar bayanin halittu ba tare da ta jingina da aro fiye da kima ba.

Amfanin waɗannan ayyuka ga mai nazarin harshe a fili yake. Ƙamus na gama-gari kan wadatu da cewa marke ko ɗinya "wata irin bishiya ce", amma littafin tsirrai yakan ɗaure sunan da takamaiman halitta, ya siffanta ganye da ɓawo da 'ya'ya. Da haka ne ake tabbatar da cewa bagaruwa da gabaruwa bambancin karin harshe ne a kan bishiya guda. Haka kuma ɗalibin adabi da ya tashi a birni, wanda bai taɓa ganin belbela tana bin garken shanu tana cafe ƙwarin da sawunsu ya tayar ba, zai haddace kirarinta na ci da motsin wani ba tare da ya kama hoton da ke cikinsa ba. Gwargwadon yadda daji ke ja da baya, gwargwadon yadda sunayen ke sulalewa daga bakin matasa.

Ana iya kawo hujja biyu a kan wannan ra'ayi. Ta farko, cewa an riga an ɗora wasu daga cikin littattafan a intanet. Gaskiya ne ga waɗanda suka tsufa ainun, amma na tsakiyar ƙarni na 20 da yawa suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, ƙananan littattafan ma'aikatun gandun daji kuwa ba kowane ne aka ɗauki hotonsa ba. Ban da haka, kwafin gwanjo kan zo da abin da hoton kwamfuta ba shi da shi: rubutun hannu a gefen shafi, inda wani malamin daji ya gyara suna ko ya ƙara na yankinsa. Hujja ta biyu ita ce kurakuran marubutan. Dalziel ya yi rubutu kafin a daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, sunayen kimiyya ma sun sauya: gawo ya tashi daga Acacia albida zuwa Faidherbia albida, kaɗanya daga Butyrospermum zuwa Vitellaria paradoxa. Sai dai gyaran kuskure aikin masana ne, kuma ba a gyara abin da ba a riƙe a hannu ba.

Haɗarin da ke tafe iri biyu ne. A gida, gara da laima da ƙura suna cinye kwafin da magada suka jibge a ɗaki bayan rasuwar mai shi, ko a sayar da shi a awo ga masu ƙunshe ƙosai. A waje kuma, dillalai kan yanke shafukan zane masu launi daga littattafan tsuntsaye su sayar ɗai-ɗai don adon bango, saura ya zama shara.

Saboda haka ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su ɗauki wannan tari a matsayin aikinsu. Su ware ɗan kaso a kasafinsu don sayen irin waɗannan littattafai daga 'yan gwanjo, su tuntuɓi iyalan tsofaffin ma'aikatan gandun daji da na gona kafin kayan su watse, su ajiye abin da aka samu a ɗakin karatu inda ɗalibi zai kai hannu. Sannan a tura ɗaliban digiri na biyu da jerin Dalziel zuwa wurin mafarauta da masu maganin gargajiya da makiyaya, su tantance sunan da ya rage, da wanda ya sauya, da wanda ya mutu. Dattawan da za su iya amsa waɗannan tambayoyi suna nan da rai a yau, amma ba su da yawa.