Ba Sai Ka Haddace AWS Kaf Ba

Abin da ke karya gwiwar mai shirin jarrabawar fasahar gajimare, wato hayar kwamfutoci da ma'ajiyar bayanai ta intanet, shi ne ya leƙa AWS, dandalin gajimare na kamfanin Amazon, ya tarar da hidimomi sama da 200, ya ɗauka sai ya haddace su duka. Daga nan sai tara bidiyoyin YouTube, data na ƙonewa, kai na ɗaukar zafi, har ya jingine karatun. A ganina wahalar banza ce. Jarrabawar matakin farko, Cloud Practitioner, tambayoyi 65 ne cikin minti 90, ana neman maki 700 cikin 1000, kuma kamfanin da kansa ya fitar da jagorar da ta fayyace inda tambayoyin za su fito. Kashi 30 cikin ɗari kan tsaro da bin ƙa'ida ne. Wanda ya fahimci EC2 (hayar kwamfuta) da S3 (ma'ajiyar bayanai) da IAM (sarrafa izinin shiga), ya kuma san abin da Amazon ke karewa da abin da ke wuyan mai haya, ya kama hanya. Karatun ido kaɗai ba ya zama. Ka buɗe asusu, ka kunna kwamfuta guda a can, ka kashe ta da hannunka, kuma kada ka manta da kashewar, don lissafin kuɗinsu ba ya barci. Rajistar dala 100 ce, kuɗin da a naira ba wasa ba ne, saboda haka kada ka tsayar da rana sai kana tsallake jarrabawar gwaji a kai a kai.