Kada Mu Cire Yara Daga Islamiyya Saboda Turanci

Muna da magana, kuma mun san za ta sosa wa wasu rai, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wata al'ada ta shigo mana unguwa, tana neman zama jiki. Da zarar yaro ya shiga ajin ƙarshe na sakandare, sai uba ya je wurin malamin Islamiyya ya ce, "Malam, a yi mana haƙuri da wane, bana zai rubuta WAEC, za mu sa shi lesin na Turanci." Daga ranar an jingine allo, an ɗora littafin nahawu a kan kwaba yana shan ƙura. Yaro ya yi wata shida yana haddar tsofaffin tambayoyi. Sakamako ya fito, sai ka ga D7 ko F9 a Turanci, alhali jami'a C6 take nema ko abin da ya fi. Ba tsuntsu, ba tarko.

Ba labarin wani muke bayarwa ba, a gidanmu aka yi. Babban ɗanmu sau biyu yana zama, sau biyu Turanci na kayar da shi, kuma mu da kanmu muka cire shi daga karatun yamma. Kuɗin goron da ya tafi a lesin, Allah kaɗai ya san yawansa. Sai a karo na uku muka ce ya kawo takardar mu gani, duk da Turancinmu na kasuwa ne. Ya karanta, yana fassara mana. A sashen da ake ba yaro labari ya karanta ya amsa tambayoyi, sai ga wata tambaya: an ɗauko guntun jimla, an ce mene ne sunan wannan a nahawu, kuma wane aiki yake yi a cikin jimlar? Muka ce, "Kai! Ai wannan li'irabi ne." Abin da malamanmu suke tambayarmu kenan a zaure tun muna yara, da bulala a hannu.

To jama'a, mu duba abin da ke kayar da yaranmu. Ba rashin baki ba ne. Yaron Sabo yana tashi da Hausa a gida, Yarabanci a Mokola, buroka a tasha, Larabci a makaranta. Ya iya ciniki da kowa. Amma takardar jarrabawa ba ciniki ba ce. A kasuwa in ka kama kalma biyu ko uku ka gane inda mutum ya dosa, fuska da hannu su cika maka sauran. Takarda ba ta da fuska. Marubuci zai jero jimla mai layi huɗu, ya sa mai aikin a farko, aikin da ya yi a can ƙarshe, ya cusa bayani a tsakani. Yaron da bai san gaɓoɓin jimla ba sai ya kama sunan da ya fi kusa ya ɗora masa aikin.

Ga misalin da muka gwada a kan yara a ƙofar masallaci: "The trader who sold the cows to the butchers was arrested." Muka ce wa aka kama? Da yawa suka ce mahauta, don kalmar mahauta ce ke maƙwabtaka da kamun. Wani yaro da ya yi nisa a nahawu ya ce a'a, falken aka kama, domin "was" na mutum ɗaya ne, mahauta kuwa jam'i ne, kuma duk abin da ya biyo bayan "who" bayani ne a kan falken, kamar yadda sifa ke bin abin da take siffantawa. Ya ƙara da cewa ba a ma faɗi wanda ya yi kamun ba, irin aikin nan ne da ba a ambaci fa'ilinsa ba. Wannan yaro bai fi sauran yawan kalmomin Turanci ba. Ya dai saba tambayar jimla: ina fa'ili, ina maf'uli, wannan lamirin ga wa yake komawa?

Ko a Hausa muna da wannan idon, ba mu lura ba ne. In aka ce "Binta ta gaya wa Audu ya zo," babu Bahaushen da zai ruɗe a kan wanda ake so ya zo, don "ya" ta namiji ce. In aka ce "an kama ɓarawo," kowa ya san an ɓoye mai kamun. Abin da yaro ke yi da harshen uwarsa ba tare da tunani ba, shi nahawu ke koya masa ya yi da sani, shi kuma jarrabawa ke biyan maki a kai.

Littafin Ajurumiyya da muke rainawa, wani malami ne na birnin Fas a Maroko ya rubuta shi, ya rasu a shekarar 723 ta Hijira, wato 1323. Shekara ɗari bakwai kenan ana buɗe wa yara kai da shi. A cikin 'yan shafukansa akwai fa'ili, akwai maf'uli, akwai mubtada'i da habari, akwai sifa, akwai haruffan da ke haɗa magana. Yaron da ya fahimci waɗannan, in malamin boko ya zo masa da sunayensu na Turanci, sabon suna kawai zai koya, abin ya riga ya sani. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Mun san abin da za a ce. Wasu za su ce liman yana kare sana'arsa ne. To limancinmu babu albashi, abincinmu daga huhun goro yake fitowa. Wasu za su ce Larabci daban, Turanci daban. Gaskiya ne. Larabci yakan fara da aiki, Turanci yakan fara da mai aikin. Larabci na nuna matsayin kalma da wasalin ƙarshenta, Turanci da wurin zamanta a jimla. Kuma nahawu ba zai ba yaro kalmomi ba, dole ya karanta jarida da littattafai har idonsa ya saba. Ba mu ce a bar lesin ba. Mun ce kada a kwance wa yaro makami a ranar da zai shiga fage.

Laifin kuma bai tsaya ga iyaye ba. Mu malamai muna da namu, kuma babba ne. Yara nawa muka sa suka haddace Ajurumiyya daga farko har ƙarshe, amma in ka ba su jimlar da ba ta cikin littafin sai su yi tsuru-tsuru? Hadda ba fahimta ba ce. In uba ya ga ɗansa yana rera nahawu kamar aku, ba ya iya amfani da shi ko a Larabcin, yaya za mu ga laifinsa in ya ce ɓata lokaci ne? Masu lesin su ma su ji: ba wa yaro amsoshin shekara goma ya haddace ba koyarwa ba ne, domin labarin bana ba shi ne na bara ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, ba za mu ɓoye ba. Wasu iyaye in Turanci ya gagari yaro sai su kai shi irin makarantun nan da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Kai da ba ka yarda a tauye maka mudu, ka saya wa ɗanka sakamakon ƙarya? Bayan haramcin, ina amfanin? JAMB na nan tana jira a kwamfuta, da tambaya 60 a Turanci kaɗai, sauran darussa uku 40 kowanne. Ko ya tsallake, a aji wa zai karanta masa?

An kafa Sabo a 1916, Jami'ar Ibadan a 1948. Daga Mokola mota ɗaya ce. Amma mu tambayi kanmu, ƙofar nan 'ya'yanmu nawa ke shiga da katin ɗalibi, nawa ke tsayawa a bakinta da tiren kaya? Sana'a ba abin kunya ba ce, da ita muka rayu. Amma ranar da takardar fili ko ta kotu ta zo unguwa, sai mun nemi bare ya karanta mana, mu biya shi, mu kuma yarda da duk abin da ya ce.

Ga abin da muke kira a yi, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Kowace Asabar bayan la'asar, a zauren masallaci, a haɗa malamin nahawu ɗaya da ɗaya daga samarinmu da suka yi boko. A kawo sakin layi ɗaya daga jaridar Turanci, a warware shi jimla-jimla: wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa, wannan lamirin na wa ne, wannan "but" ko "although" me ta juya? Malam ya faɗi sunan abin da Larabci, saurayi ya faɗa da Turanci, yara su mayar da Hausa. 'Yan mata ma a ware musu nasu zaman, don su ma suna rubuta jarrabawar nan. Ɗan namu da muka ambata, da irin wannan zama a shagonmu da wani ƙaninsa na unguwa ya samu C5 a karo na uku. Ba mu yi alƙawarin kowa zai samu haka ba, amma mun ga abin da ido.

Duk mai ja da wannan magana, muna nan bayan sallar Juma'a. Ya zo da takardar jarrabawar ɗansa, mu buɗe ta tare. Allah ya buɗa wa 'ya'yanmu basira, ya sa mu dace. Wassalam.