Taliyar naman sa ta Taiwan: Musulmin da ya nemi ta halal bai rasa ta asali ba

Baƙon da ya sauka a birnin Taipei ba ya kwana biyu sai an nuna masa hanyar shagon taliya da romon naman sa. 'Yan ƙasar suna kiran ta niu rou mian, wato sa, nama, taliya, kuma da yawansu suna ɗaukar ta a matsayin abincin da ya fi wakiltar tsibirin Taiwan. Tun shekarar 2005 hukumar birnin ta fara shirya mata biki na musamman, inda masu dafawa suke fafatawa a gasa.

Ga Musulmi, ɗan kasuwa ne ko ɗalibi, sunan kaɗai yakan sanyaya masa rai. A ƙasar da naman alade yake cikin tukwane da yawa, jin an ambaci naman sa tamkar mai ƙishirwa ne ya hango rijiya. Sai dai sunan bai isa hujja ba. Idan kuma mutum ya ce zai nemi shagon halal, ba a rasa mai ce masa ai zai bar ta gargajiya, ya je ya ci kwaikwayo.

Wannan magana ba ta da tushe. Tarihin abincin ya nuna akwai hannun Musulmi a cikinsa tun farkon zuwansa tsibirin. Wanda ya nemi shagon halal ya tsare addininsa, kuma abin da zai ci na asali ne kamar na kowa.

Abin da ke cikin kwanon

Kwano ne mai zurfi, a ƙasa taliyar alkama, a sama manyan yankan nama, sai romo mai zafi da ya kusa rufe su. Naman yawanci na ƙwauri ne, wanda jijiya ta ratsa shi, an dafa shi awanni har ya yi laushin da cokali zai raba shi. Akan ɗora ɗanyen ganyen albasa da ɗan dafaffen ganye, a ajiye wani yankakken ganye mai tsami a gefe, wanda aka tsima a gishiri, don mai ci ya zuba yadda yake so.

Romon iri biyu ne manya. Na farko shi ne jan romo, hongshao. Ana haɗa shi da baƙin ruwan waken suya mai gishiri, da citta, da tafarnuwa, da kayan ƙamshi, da wani curin wake da barkono da aka bari ya tsima, wanda aikinsa a tukunya ya yi kama da na daddawa. Na biyu shi ne farin romo, qingdun, wanda ake tafasa ƙashi da nama a ƙaramar wuta, ana kwashe kumfa, har ruwan ya fito garau. A farin romo babu inda mai dafawa zai ɓoye aibin nama, domin babu yaji mai ƙarfi da zai rufe masa asiri.

A shagunan unguwa kwano ɗaya yakan kama tsakanin dalar Taiwan 150 zuwa 300. Akwai kuma shagon Niu Ba Ba a Taipei, wanda ya yi suna a duniya da kwanon dalar Taiwan 10,000, wato kimanin dalar Amurka 300.

Gargajiyar da ba ta kai shekara 80 ba

Masu cewa jan romo kaɗai ne na gargajiya suna mantawa da cewa cin naman sa kansa sabon abu ne a Taiwan. Manoman tsibirin na da suna ƙyamar cin dabbar da take yi musu huɗa a gonar shinkafa, suna ganin butulci ne. Har yau akwai gidajen da ba a cin naman sa saboda wannan dalili. Abincin yau da kullum kuma shinkafa ce, ba alkama ba.

Sauyin ya zo ne a 1949, lokacin da gwamnatin Kuomintang ta Chiang Kai-shek ta sha kaye a hannun 'yan gurguzu a yaƙin basasar ƙasar Sin, ta tsallaka teku zuwa Taiwan. Fiye da mutum miliyan ɗaya ne suka biyo ta, sojoji da ma'aikata da iyalansu, daga larduna daban-daban, kowa da irin girkin garinsu. An zaunar da iyalan sojoji a unguwanni na musamman kusa da barikoki.

Masanin tarihi Lu Yaodong ya danganta asalin jan romo da irin waɗannan unguwanni a Gangshan, kusa da birnin Kaohsiung a kudancin tsibirin, inda sojojin sama da suka zo daga lardin Sichuan suka zauna. Kewar gida ta sa suka riƙa tsima waken barkono irin na can, suka haɗa shi da nama da taliya. Garin alkama kuwa ya wadata ne saboda tallafin da Amurka ta riƙa bai wa Taiwan daga 1951 zuwa 1965.

A cikin waɗanda suka tsallako akwai Musulmi kimanin 20,000. Fitacce a cikinsu shi ne Janar Bai Chongxi, wanda ya taɓa riƙe muƙamin ministan tsaro. Su ne suka tsaya har aka buɗe Babban Masallacin Taipei a 1960. Mutanen da ba sa cin alade, dole naman sa da na tumaki su zama abin dogaronsu, kuma sun daɗe da ƙwarewa a kansa. A can ƙasar Sin, shahararriyar taliyar birnin Lanzhou mai farin romo ana danganta ta ne da wani Musulmi, Ma Baozi, tun 1915. A Taipei ma, Musulmi 'yan gudun hijira sun kafa tebura a tsakiyar gari suna sayar da taliya da farin romo, a zamanin da 'yan ƙasar da dama ba su saba da naman ba.

Ke nan jan romo da farin romo baƙi ne da suka iso a zango ɗaya. Babu wanda ya gaji ɗayansu daga kakannin tsibirin, balle ya kira ɗayan kwaikwayo.

Inda tarkon yake

Sanin wannan tarihi bai halatta kowane kwano ba. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata mai ci ya lura da su.

Na farko giya. Masu girkin Taiwan suna amfani da giyar shinkafa kamar yadda ake amfani da gishiri, musamman don kashe ƙarnin nama. Girkin jan romo da yawa yana ɗauke da ita, kuma ba a rubuta hakan a jerin abinci, domin a wurinsu ba abin faɗa ba ne.

Na biyu alade. Shagon taliyar naman sa na iya sayar da ƙunshin fulawa mai naman alade a ciki, ko haƙarƙarin alade, ko kunnensa, duk daga kicin ɗaya. Tukunyar tafasa taliya, wuƙa da katakon yanka na iya zama guda.

Na uku yanka. Mafi yawan naman sa da ake ci a Taiwan shigo da shi ake yi, musamman daga Amurka, Ostiraliya da New Zealand. Tun 2012 doka ta tilasta wa gidajen abinci su bayyana ƙasar da namansu ya fito, shi ya sa ake ganin takarda manne a bango. Amma takardar ƙasa kawai take faɗa, ba ta faɗin wanda ya yanka ko yadda ya yanka. Hukuncin irin wannan nama magana ce ta malamai, kuma gara mutum ya tambaye su tun kafin ya hau jirgi.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ruɗar baƙo. Kalmar farin romo, qingdun (清燉), da kalmar halal, qingzhen (清真), da harafi ɗaya suke farawa. Farin romo salon girki ne kawai, kowa na iya yin sa, har da mai zuba giya. Kalma ta biyun ce take nuna shagon Musulmi. Mai wayar hannu zai iya ajiye hoton haruffan nan biyu, 清真, ya riƙa gwadawa da allon shago. Ƙungiyar Musulmin Sin da ke Taipei ma tana ba gidajen abinci takardar shaidar halal, kuma waɗanda suka samu sukan liƙa ta inda za a gani.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce ko me aka faɗa, jan romo ne fuskar Taiwan a idon duniya. Gaskiya ne, shi ya fi yawa, shi ya fi fitowa a hotuna. Amma akwai shagunan Musulmi da suke yin jan romon ma, ba tare da giya ba. Game da inganci kuwa, kundin Michelin, wanda ya fara tantance gidajen abincin Taipei a 2018, ya sanya shagon Halal Chinese Beef Noodles cikin rukunin Bib Gourmand, na abinci mai daɗi da sauƙin kuɗi. Masu bin layi a irin waɗannan shaguna ba duka ne Musulmi ba, daɗin romon ne ya kawo da yawansu.

Wani kuma zai ce yawan tambaya rashin kunya ne ga mai masauki. Ba haka abin yake a Taiwan ba. Ƙasa ce da mabiya addinin Buddha da yawa ba sa cin nama kwata-kwata, wasu kuma ba sa cin naman sa. Ga ma'aikata 'yan Indonesiya fiye da 200,000, akasarinsu Musulmi, ga wuraren sallah a filin jirgin saman Taoyuan da babbar tashar jirgin ƙasa ta Taipei. Mutanen da suka saba da mai cewa addininsa ya hana shi wani abinci ba za su ɗauki tambayar da zafi ba. Mai tambaya dai ba ya ɓata.

Ƙorafi ɗaya ne yake da nauyi: shagunan halal ba su da yawa, kuma idan aka fita daga manyan birane sai an sha wahalar nema. Wannan gaskiya ne. Maganinsa shi ne shiri tun daga masauki, a duba taswira a waya, a san inda za a ci abincin rana kafin yunwa ta kama mutum a tsakiyar kasuwa. Yunwa ce take sa a yi wa kai fatawa cikin gaggawa.

Kuskure na ɗaya ɓangaren

Kamar yadda akwai mai ganganci, akwai kuma mai tsoron da ya wuce kima, wanda zai cika jaka da Indomie daga gida, ya yi mako biyu yana jiƙa ta da ruwan zafi a ɗakin otal. Wannan ya tsira daga shakka, amma ya yi asarar da ba dole ba. Abin mamakin ma shi ne, Momofuku Ando, wanda ya ƙirƙiro irin wannan taliya ta leda a Japan a 1958, a Taiwan aka haife shi a 1910. Zuwa ƙasar haihuwarsa a dawo ba a ɗanɗana taliyar da aka murza a ranar ba, tafiya ce da ta rage saura.

Shiga shagon ba wuya. A wurare da yawa akan miƙa wa mutum 'yar takarda ya yi alama a kan abin da yake so: jan romo ko fari, taliya siririya ko mai faɗi, zallar nama ko rabi nama rabi jijiya. Masana abincin sukan fara kurɓar romon shi kaɗai kafin su zuba ganye mai tsami ko man barkono, domin a romo ake gane aikin mai dafawa. Wanda bai iya tsinkayen cin abinci ba, akwai cokali mai faɗi a gefe, kuma babu mai kallon wanda ya sunkuya a kan kwanonsa. A ƙananan shaguna ba a ba da tukwici, kuɗin da aka rubuta shi ake biya.

Abin da ake buƙata daga matafiyi kaɗan ne: ya san haruffa biyu, ya duba takardar shaida, ya yi tambaya idan yana shakka. Idan ya yi haka, kwanon da za a ajiye a gabansa girki ne da Musulmi 'yan gudun hijira suka shigo da shi tsibirin fiye da shekara 70 da suka wuce, suka ci gaba da tafasa shi har 'yan ƙasar suka karɓe shi a matsayin nasu. Ya yi bismillah ya ci da kwanciyar hankali.