Aikin biro ma a hannu ake koyon shi

Kowace shekara yara da yawa suna barin lakwal. Wasu sun tsaya aji shida. Wasu sun kai kwaleji, har sun samu takardar BEPC, amma babu halin ci gaba. Sun iya karatu, sun iya rubutu, ga su zaune gida. Da an gama girbi sai su kama hanyar bida, zuwa Kano ko Libiya ko Aljeriya. Uba kuma yana tambayar kanshi: ina amfanin shekarun da yaron nan ya yi bisa benci?

Akwai wata hanya da uwaye ba su cika tunawa da ita ba. Ita ce koyon aikin biro gun wanda ya iya. Maƙeri ba ya zama maƙeri sai ya daɗe yana zuga wuta gaban maigidanshi. Aikin biro ma haka yake. Sana'a ce, a hannu ake koyon ta.

Mi ake koyo?

Da farko ana koyon karɓar baƙo. Mutum ya taso daga ƙauye tun asuba da takarda a aljihu. A gaishe shi, a saurare shi, a nuna mishi ƙofar da ta dace.

Sannan rajista. Duk wasiƙar da ta shigo ana ba ta lamba, a rubuta ranar zuwanta da sunan mai aikowa. Wadda za ta fita ma haka. Sannan ajiya: kowace takarda da mazauninta, yadda ko bayan shekara biyar za a same ta ba da wahala ba. Bayan wannan sai rubutun wasiƙa, da rubuta abin da aka tsaida wurin taro, da aiki da kwamfuta.

Wanda hannunshi ya faɗa, ana iya matsa shi wajen mai kula da ma'aikata. Nan aikin ya fi nauyi, don haƙƙin mutane ne. Kowane ma'aikaci yana da kundi nashi: ranar da aka ɗauke shi, albashinshi, hutunshi, ranakun da bai zo ba. Mai wannan aiki dole ya san doka. A Nijar, aikin biro awa 40 ne cikin mako. Ma'aikaci yana samun hutun kwana biyu da rabi ga kowane watan aiki, ke nan kwana 30 a shekara. Mace mai ciki tana da hutun haihuwa na mako 14. Tun watan Janairu 2024 albashi mafi ƙanƙanta jika 42 ne a wata. Kuma ana rubuta ma'aikaci a asusun CNSS, ana zuba mishi kuɗi. In aka yi sakaci da wannan, mutum sai ya tsufa ya je neman kuɗin ritaya a ce babu sunanshi. Kuskuren alƙalami ɗaya yana iya cinye wahalar shekara talatin.

Ina ake farawa?

Ba sai an je Yamai ba. Ƙungiyar manoma tana bukatar magatakarda. Bankin cimaka yana bukatar mai rubuta buhun da ya shiga da wanda ya fita. Kasuwar bisashe tana bukatar mai yanka takardar saye da sayarwa. Yaron da ya riƙe littafin ƙungiya shekara biyu babu gyara babu ɓata, ya riga ya koyi rabin aikin. Daga nan ana iya nemar mishi wuri a ma'aikatar magajin gari, ko makarantar kuɗi, ko kamfanin motocin sufuri.

Akwai ma'aikatun gwamnati biyu da ya kamata a sani. ANPE tana rubuta sunayen masu neman aiki, tana ba su kati. FAFPA kuma asusu ne mai tallafa wa horon sana'a da koyon aiki. In an shiga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, a tambayi inda biro ɗinsu yake. Tambaya ba ta cin kuɗi.

A watan Maris 2025 babbar dokar ƙasa ta mai da hausa harshen ƙasa, faransanci da ingilishi kuma harsunan aiki. Yawancin takardun biro da faransanci ake rubuta su, amma masu zuwa biro da hausa ko wani harshen gida suke magana. Saboda haka yaron da ya iya rubuta hausa da faransanci duka biyu, hannu biyu gare shi.

A yi takarda

Ga inda ake cutar ɗiyan talakawa. Ana kai yaro biro da baki kawai. Shekara uku yana shara, yana dafa shayi, ana aiken shi kasuwa. Bai taɓa rajista ba, bai taɓa kwamfuta ba. Ranar da maigidan ya tashi, yaro ya dawo gida hannu wofi, ba shi da ko shaidar ya taɓa zama wurin.

Dokar aiki ta shekarar 2012 ta yi maganin wannan. Ta ce yarjejeniyar koyon aiki a rubuce ake yin ta. Ba a ɗaukar yaro koyon aiki sai ya cika shekara 14. Maigida kuma wajibi ne ya koya mishi sana'ar daki-daki har ƙarshe.

Don haka kafin uba ya bar ɗanshi, sai ya nemi a rubuta abu huɗu: aikin da za a koya, tsawon lokacin koyo, abin da za a riƙa ba yaro na abinci ko na aljihu, da takardar shaida in an gama. Uban da bai iya faransanci ba, ya sa a karanta mishi a fassara kafin ya sa hannu. In rigima ta taso, akwai masu binciken aiki na gwamnati a kowace jaha, can ake kai kuka. In ɗiya mace ce, a ƙara sanin gidan da za ta sauka da wanda zai kula da ita.

A kuma san gaskiya guda. Koyon aiki ba ya mai da mutum ma'aikacin gwamnati. Wannan da jarrabawa ake shigar shi. Duk wanda ya ce a kawo rago ko kuɗi zai sa sunan yaro, ɓarawo ne. Kada a sayar da bisa saboda shi.

Nasiha ga mai koyo

Biro wurin amana ne. Mai koyo zai ga albashin mutane, da bashinsu, da takardunsu na likita. Abin da ido ya gani can, can zai tsaya. Baki shi ke yanka wuya. Ya zo da wuri. Kada ya taɓa hatimi sai an ce ya taɓa. Kada ya karɓi goro don gaggauta takardar wani. In tsoho ya shigo da ƙurar hanya a ƙafa, ya tuna ubanshi ma haka yake shiga biro.

Malaman yaƙi da jahilci, a karanta wannan shafi cikin aji, a tattauna shi da uwayen yara kafin lokacin tafiya bida ya zo.