Littafin Farko na Ɗanka: Kira ga Mutanen Funtua da Malumfashi

Jama'ar Funtua da Malumfashi, mutanen Bakori da Danja da Kafur, ku ara mini kunnuwanku. Daga ƙasarmu ake lodin masara da dawa da waken suya zuwa ko'ina a Najeriya; wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dandume da kaka ya san haka. Audugar da ta sa aka kafa injin gurza da masaƙa a Funtua daga gonakinmu ta fito. To amma ka shiga gida goma a unguwarku, ka ce a nuna maka littafi guda mai hotuna wanda ɗan shekara uku ke rungumewa yana cewa nasa ne. In ka yi sa'a ka samu, buɗe shi. Za ka tarar da dusar ƙanƙara da tuffa da yara masu jajayen kumatu, babu abu ɗaya da yaron zai nuna da yatsa ya ce akwai shi a tsakar gidansu.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022, kusan yara tara cikin goma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kan kai shekara 10 ba su iya karanta gajeren labari su fahimce shi ba. Mun saba ɗora laifin a kan malami da gwamnati, kuma suna da nasu kason. Sai dai yaron da bai taɓa sanin ta ina ake buɗe littafi ba sai ranar da aka kai shi aji ɗaya, ya riga ya makara da shekara huɗu.

Me ke sa littafin ƙaramin yaro ya zama nagari? Abu na farko shi ne hoton ya ɗauki labarin da kansa. Rufe rubutun da tafin hannunka: in yaro ya iya gaya maka abin da ke faruwa, littafi ya yi. A ce labarin ɗan akuya ne da ya ɓace ranar kasuwa. Rubutu yana cewa Ladi tana nemansa, ba ta gan shi ba. Hoto kuwa ya nuna 'yar wutsiyarsa ta leƙo ta bayan rumbu. Uwa na zaune kan tabarma tana karantawa, yaron da ke cinyarta ya riga ya hango, ya yi zumbur yana buga takardar: "Umma, ga shi nan! Ga shi nan!" A wannan lokaci ya fi Ladi sani, ya fi mai karantawa sauri, kuma daɗin da ya ji shi ne zai sa gobe ya jawo littafin da kansa. Mai zane na gaske yakan bar wa yaro abin da zai gano, marubuci na gaske kuma yakan kama bakinsa a wurin.

Kuma zanen ya zama na gaskiya. Rumbu ya fito da hularsa ta ciyawa, garmar shanu da karkiyarta, goyo a baya da majanyi, tuwo a kwano ba a kan tebur da cokali mai yatsu ba. Yara ba sa yafe ƙarya a hoto. In an zana tunkiya da ƙahon akuya, ɗan shekara huɗu a Kafur zai gyara wa mai digiri. Wanda kuma yake kaffa-kaffa da zanen abu mai rai, ƙofa ba ta rufe masa ba: tafiyar ƙwayar masara daga rami zuwa zangarniya, daga injin niƙa zuwa tukunya, littafi ne guda cif.

Sai kalmomi. Kaɗan, kaɗan sosai. Jimla ɗaya a shafi ta isa, wani shafin ma kalma biyu. Littafin Eric Carle na tsutsa mai yunwa, wanda ya fito a Amurka a 1969, kalmominsa ba su kai 300 ba, amma an fassara shi zuwa harsuna da dama, kuma har yau ana saye. Ramuka ya huda a shafukan, yaro ya zura yatsa ya bi inda tsutsar ta ci. Mu kuwa in muka tashi rubuta wa yara sai mu cika shafi maƙil kamar takardar kotu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sirrin wannan sana'a namu ne tun asali. Ƙaramin yaro yana son amshi. Yana son jimlar da ke dawowa shafi bayan shafi, har ya haddace ta ya riga ka faɗa. Funtua, garin da Alhaji Mamman Shata ya zauna a cikinsa, ba ya bukatar a koya masa amfanin amshi. Kakanninmu da ke yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare sun san inda za su ja murya, sun san inda za su yi shiru yara su ƙarasa. Marubuci ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi. Duk inda harshensa ya sarƙe, ya goge. Ya kuma sa tambaya a ƙarshen shafi, amsa a bayansa, don hannun yaro ya yi ɗokin juyawa.

Don Allah a rage wa'azi. Ba kowane labari ne sai an liƙa masa "darasi" a gindi ba. Yaro ya ga Gizo ya yi haɗama cikinsa ya ɗaure, ya gane sarai.

Littafin wanda ya fara haɗa baƙi kuma daban yake da na goyon cinya. Na goyon cinya babba ke karanta masa, shi ya sa za a iya saka masa kalma mai nauyi in tana da daɗin ji. Mai haɗa baƙi kuwa shi zai karanta da kansa, sai a bi shi a hankali. Da haruffa huɗu kawai, a da k da m da n, yaro zai karanta kaka, mama, nama, kama, ya ji ya zama gwani. Baƙaƙe su zama manya, a bar fili tsakanin layuka. Masu ɗab'i, ku ji wannan da kyau: ɓ da ɗ da ƙ ba ado ba ne. In kun cire musu lanƙwasa, kun koya wa yaro kuskure tun ranar farko. Takarda kuma ta yi kauri, a ɗinke da zare maimakon ƙarfen da ke tsatsa ya soki yatsa, domin ɗan shekara biyu da baki yake fara karatu.

Kada wani ya ce ba mu iya ba. Zariya tana nan kusa da mu. A can aka buga Magana Jari Ce na Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930, mutumin da ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina. A can Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945. Iyayenmu da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu suka buɗe ido. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Daga ƙarshen shekarun 1980 marubutan Kano suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ba su jira kowa ba, har suka cika kasuwa. Duk wannan an yi wa 'yan makaranta da manya. Ɗan goye aka manta. Shirin RANA da ya shigo Katsina da Zamfara ya kawo littattafan karatun Hausa azuzuwan farko na firamare, madalla, amma shiri yakan zo ya wuce, kuma littafin makaranta a makaranta yake kwana.

Mu kuwa mun san me ake nufi da a rufe makaranta. Tun bayan da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Kankara a watan Disamban 2020, iyaye a wannan yanki ba su daina fargaba ba, ga ƙauyuka da dama a Faskari da Sabuwa da aka watsa. Littafin da ke ƙarƙashin matashin uwa, babu wanda zai ba shi hutun dole.

Saboda haka, marubutanmu masu zuba labarai a Facebook da WhatsApp, kowa ya ajiye soyayya na mako guda ya rubuta jimla goma sha biyu don ƙanensa. Masu zanen bayan manyan motoci da allunan shaguna, hannun da ya iya fito da zaki a jikin tirela ba zai kasa ɗan akuya ba. Ku haɗa kai da ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Masu injin buga katin biki da hotunan 'yan takara, shafi 16 muke roƙo. Alhazan hatsi da dillalan auduga, kowa ya ɗauki nauyin bugu ɗaya, a sa sunansa a bango in yana so. Malaman firamare da na Islamiyya, a intanet akwai African Storybook da StoryWeaver, da littattafan Hausa kyauta waɗanda aka yarda a sauke a buga. Ku tace, ku zaɓi masu kyau, ku gyara Hausar inda ta karkace.

Iyaye mata, ko ba ki iya karatun boko ba, ki ɗora shi a cinya ki tambaye shi me ya gani, me zai faru a shafi na gaba. Ki bar yayarsa 'yar aji huɗu ta karanta muku ku biyu. Maigida, ranar da ka kai masara kasuwa a kakar bana, ka ware kuɗin tiya ɗaya. Ka je wurin mai sayar da littattafai ka ce na ɗan shekara uku kake nema, na Hausa, mai hotuna. In ya ce babu, ka ce masa za ka dawo kasuwa mai zuwa, kuma ka dawo da maƙwabcinka.