Filin Kimiyya: Zuciyar Ɓera Da Ciwon Masu Jego

Akwai wani ciwon zuciya da kan kama mace a ƙarshen ciki ko kuwa cikin watannin farko bayan ta haihu. Naman zuciyarta kan yi rauni har ta kasa harba jini yadda ya kamata, sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, musamman idan ta kwanta. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya.

A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi diddiginsa a Zariya, suka kuma zargi kunun kanwa da kwanciya kan gado mai wuta. A Sakkwato, wani bincike na 2007 ya nuna ciwon kan auku sau ɗaya cikin haihuwa kusan 100. Amma fa wani babban haske game da asalinsa daga zuciyar ɓera ya fito.

A 2007, wata masaniya mai suna Denise Hilfiker-Kleiner da abokan aikinta a Hanoba ta ƙasar Jamus sun ba da labarin wasu ɓeraye waɗanda aka cire wa ƙwayar gado mai suna STAT3 daga naman zuciya. Matan cikinsu suka riƙa kamuwa da irin wannan ciwo bayan haihuwa. Da aka bincika, sai aka tarar sinadarin da ke kawo ruwan nono ne ke gutsurewa, gutsuren kuma ya lalata ƙananan jijiyoyin jini na zuciya. Maganin bromocriptine, wanda ke tsayar da sinadarin, ya kare su. A 2010 aka ba da sakamakon gwada shi kan wasu mata ƙalilan a Afirka ta Kudu.

To, yaya ake leƙa zuciyar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa nauyi ba, wadda kuma ke bugawa sau 500 zuwa 600 a minti ɗaya? Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu da igiyar rediyo, ba tare da an tsaga ba. Ƙarfin maganaɗisun ta asibiti yawanci tesla 1.5 ne ko 3, amma ta ƙananan dabbobi kan kai 7 ko 9.4. Akan sa ɓeran barci, a ɗumama jikinsa, a haɗa na'urar da bugun zuciyarsa don ta ɗauki hoto a daidai lokaci. Daga nan sai a auna kaurin naman zuciyar da yawan jinin da take harbawa. Babban amfaninta shi ne ana iya duba ɓera ɗaya sau da dama, kafin magani da bayansa.

Duk da haka, ɓera ba mutum ba ne, tilas a koma kan marasa lafiya. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan, wanda aka buga a 2020, ya fi danganta ciwon da rama, da rashin karatu, da hawan jinin masu ciki, fiye da al'adun jego.

Saboda haka mai jego a Bwari, ko Ushafa, ko Kubwa, wadda ta ga kumburi da haki, kada a ce mata gajiyar haihuwa ce. Wajibi ne maigida ya kai ta babban asibitin Bwari ko na Kubwa da gaggawa. Shi kuwa bromocriptine yana tsayar da nono, don haka likita kaɗai ke da ikon ba da shi. Allah ya raya abin da aka haifa, ya kuma bar uwa da ɗanta.